Jariran niyut sun kwanta, sun ƙi cin abinci: ciwo ne ko ɗabi'arsu ce?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin bayoloji da ke koyarwa a wata sakandare a Gusau. Abokinsa mai sana'ar kifin ado a Legas ya aiko masa da 'yar ciyawar ruwa ɗauke da ƙwan niyut, wani ɗan'uwan kwaɗo mai jela, ya ce masa irin na Sifaniya ne mai tsinin haƙarƙari. Ƙwan sun ƙyanƙyashe a farkon Disamba, jarirai kusan 40. Yau kwana huɗu ke nan suna kwance a gindin roba, wasu a kan gefe ɗaya, wasu maƙale a bango. Ya zuba musu dafaffen alayyafo da garin abincin kifi, kamar yadda ya saba yi wa talibambam, ko kallo bai ishe su ba, ruwan kuma ya fara gurɓacewa. Yana so ya san ko mutuwa suke yi, ko ya sa musu injin hura iska, kuma ko zai iya sakin su a kogi idan sun girma.

Malam, Allah ya saka da alheri bisa wannan himma. Kafin komai, yau ɗin nan ka kwashe alayyafon nan da garin kifin, ka canja ruwan. Kwanciyar da kake gani lafiya ce. Abincin da ke ruɓewa a ƙarƙashinsu shi ne abin tsoro.

Kuskuren da ka yi kusan kowa a ƙasarmu zai yi shi, domin talibambam muka sani. Kudu da hamadar Sahara babu niyut ko ɗaya a daji, babu kowane irin salamanda, wato babban dangin da niyut yake ciki. A duk Afirka sai can gefen arewa, Maroko da Aljeriya da Tunisiya, ake samun 'yan kaɗan. Shi ya sa ba shi da suna a Hausa. Idan ɗalibai suka tambaye ka, ka ce musu ɗan'uwan kwaɗo ne wanda ba ya zubar da jelarsa. Siffar tsaka gare shi, amma fatarsa laushi ce mai danshi, a ruwa yake yin ƙwai, jaririnsa kuma a ruwa yake numfashi. Wanda ke hannunka, idan abokinka bai yi kuskure ba, shi ne Pleurodeles waltl, ɗan asalin Sifaniya da Fotugal da Maroko. Yana cikin mafi girma a danginsa, yakan kai santimita 30 a daji. Idan maƙiyi ya kama shi sai ya turo tsinin haƙarƙarinsa ta cikin fata, daga nan ya samo sunansa. Da irinsa na yi aiki shekara biyu a ɗakin bincike lokacin da nake karatu a waje, kuma abin da zan gaya maka yawanci abin da na gani ne da idona.

Kama da wane ba ta wane. Talibambam na kwaɗon da muke gani a kududdufi mai kankare gansakuka ne, bakinsa na karta ne, hanjinsa dogo ne a nannaɗe irin na mai cin ganye. Jaririn niyut maharbi ne tun ranar da ya buɗe baki. Ba ya cin ganye, kuma a makonnin farko ba ya cin abin da ba ya motsi, ko da nama ne. Duk sauran bayanin a kan wannan ya ginu.

A ranar ƙyanƙyasa tsawonsa bai wuce santimita ɗaya da 'yan kai ba, kuma gaskiyar magana bai gama haɗuwa ba. Bakinsa bai fara aiki ba. Cikinsa cike yake da ragowar gwaiduwa, ita yake sha a hankali har ta ƙare, wanda kan ɗauki kwana uku zuwa mako guda gwargwadon sanyin ruwa. Ba shi da ƙafar da zai dogara da ita, shi ya sa yake faɗuwa ta gefe. Ka ɗauki gilashin ƙara girma ka duba bayan idonsa, gaban gezar numfashi, wato 'yan rassan gefen kansa da yake numfashi da su a ruwa. Za ka ga wasu 'yan siraran sanduna biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kamar gashin bakin tarwada amma gajeru. Ƙarshen sandunan na fitar da wani abu mai danƙo, da shi jaririn ke manne wa ganye ko bangon roba. A tafki wannan ne ke hana shi nutsewa cikin laka inda babu iska. Idan ya fara kwanciya a kan cikinsa, su ne ke tokare shi kamar yadda ake tokare keke. Da zarar ƙafafun gaba sun yi ƙarfi sai su bushe su faɗi, don haka kada ka ce ciwo ne ranar da ka neme su ka rasa.

Hanyar bambance mai barci da matacce ba ta da wuya. Ka hura ruwa kaɗan kusa da jelarsa da sirinji. Mai rai zai zabura ya yi wani ɗan gudu ba kai ba gindi, ya tsaya cak, ya sulale ƙasa ya sake kwanciya. Matacce yakan yi fari kamar dafaffen ƙwai, ya lanƙwashe, kafin kwana biyu wani farin abu kamar auduga ya rufe shi. Irin wannan ka cire shi nan take. Sau ɗaya a rana ya isa gwaji, domin kowace zabura daga gwaiduwar nan ake cire kuɗinta.

Idan makarantarku na da maikiroskof, ko mai ƙaramin ƙarfi, ina roƙonka kada ka bari wannan makon ya wuce ba ka nuna wa yara ba. Ka sa jariri ɗaya a ɗan faranti da ruwan da ya rufe shi. Jikinsa garai-garai yake, za su ga zuciya tana bugawa a ƙarƙashin maƙogwaro. A cikin gezar numfashi, rassa uku a kowane gefen kai, za su ga ƙwayoyin jini suna bin layi ɗaya bayan ɗaya, su zagaya ƙarshen reshe su dawo. Ƙwayoyin jinin salamanda manya ne, sun fi na mutum nesa ba kusa ba, shi ya sa ake ganin su ɗaiɗai. Ranar da na fara ganin haka na fi rabin sa'a ban ɗaga kai ba. Amma kai kada ka wuce minti biyar, kuma kada fitila ta ɗumama ruwan.

Alamar lokacin cin abinci ya yi ita ce kumburin cikin ya sace, jaririn ya daina faɗuwa ta gefe, ya zauna daidai a kan cikinsa yana ɗan juya kai. A nan ne yawancin masu kiwo ke asara, domin tazarar da ke tsakanin ƙarewar gwaiduwa da mutuwar yunwa 'yan kwanaki ce. Abincin ya kasance a shirye kafin ranar.

Yadda yake farauta shi ke nuna maka abin da za ka ba shi. Ba ya bin abinci, jira yake yi. A kansa da gefen jikinsa akwai wasu ƙananan gaɓoɓin ji irin na kifi, masu kama girgizar ruwa, ga kuma ido mai lura da motsi. Idan ɗan ƙwaro ya gifta dab da bakinsa sai ya wangale baki farat ɗaya, ruwa ya ruga ciki tare da ƙwaron. Kai abin da za ka gani kawai ɗan tsalle ne, kamar an tsikare shi. Sau da yawa yakan kuskure. Saboda haka dole abincin ya zama mai rai, ƙarami, kuma ya wadata a kewaye da shi, a cikin ruwa marar zurfi. Santimita uku zuwa biyar ya isa. A babban baho mai zurfi jariri kan mutu da yunwa alhali abinci na yawo a samansa.

Abin da ya fi sauƙin samu a wajenmu shi ne atemiya, ƙwan wani ɗan jatan landen ruwan gishiri da masu ƙyanƙyasar tarwada ke amfani da shi. Ka tambayi masu sayar da kayan kiwon kifi. Sai dai ka kula, akwai wanda aka ɓare wa ɓawo ake zuba wa 'ya'yan tarwada kai tsaye. Tarwada na cin sa domin da ƙamshi take neman abinci, niyut kuwa zai bar shi ya ruɓe. Wanda ake ƙyanƙyashewa za ka nema. Lita ɗaya ta ruwa a gora, gishiri giram 25 zuwa 30, ƙwan kamar kan ƙaramin cokali. A nan ne injin hura iskar naka zai yi amfani. A wuri mai ɗumi sukan fito cikin kwana ɗaya, da sanyin hunturu kuwa sukan kai kwana ɗaya da rabi ko biyu. Ka tace su da ƙyalle mai laushi, ka ɗauraye da ruwan daɗi, sannan ka ɗiga. Bayan sa'a ɗaya ka leƙa: cikin duk jaririn da ya ci zai koma ruwan lemo, ana hango shi ta fata. Wanda cikinsa ya zauna fari kwana biyu a jere, ka ware shi a ƙaramin kofi ka cika masa abinci. Atemiya ba ta wuce 'yan sa'o'i a ruwan daɗi, don haka duk abin da ya rage ka zuƙe shi kafin dare.

Na biyu, wanda ni na fi so, shi ne ƙananan ƙwarin ruwan nan masu tsalle-tsalle da masana ke kira Moina da Daphnia. Ana samun su a kududdufin da ruwansa ya yi kore, da sassafe za ka gan su kamar jan barkono a gefe. Falalarsu ita ce ba sa mutuwa a ruwan daɗi, suna nan har a cinye su. Haɗarinsu kuma abin da ke biyo su ne. Duk abin da ka kamfato ka juye shi a farin kwano ka zauna ka duba. 'Ya'yan mazari da tsutsar ƙwaron ruwa mai baki kamar hantsaki, guda ɗaya ya isa ya gama da roba guda cikin dare biyu. Kuma ka zaɓi kududdufinka. Fatar waɗannan halittu tana shan duk abin da ke cikin ruwa, don haka ka guji ruwan da ke gangarowa daga gonar da aka yi wa feshi, da wanda ke kusa da inda ake wankin zinariya. Mu a Zamfara mun san abin da gubar dalma ta yi a Anka da Bukkuyum a 2010. Ƙananan 'ya'yan sauro ma abinci ne mai kyau, amma ka ba su gwargwadon abin da za su cinye a ranar, kada ka tara wa makaranta sauro.

Maganar injin iska a cikin robar jarirai kuwa, a'a. Ni kaina na yi wannan a shekarata ta farko. Na ga sun kwanta, na ɗauka iska ce ta yi musu kaɗan, na sa musu inji na tafi gida. Da safe na tarar ruwan ya kwana yana jujjuya su, sun gaji, gezarsu ta motse, fiye da rabi sun mutu. Har yau ina jin zafin abin. 'Yan tafki ne, ruwa mai kwanciya suka sani. Faffaɗar roba marar zurfi tana shan iskar da ta ishe su ta samanta. Abin da suke bukata shi ne ruwa mai tsabta kullum. Ka tanadi robobi biyu, kowace safiya ka ɗebe su da cokali ko sirinjin da aka yanke wa baki ya yi faɗi, ka mayar da su ɗayar. Kada ka sa musu raga. Ruwan da za ka zuba ya kwana a ɗaki ɗaya da su don sanyinsu ya zo ɗaya. Na famfo ya kwana biyu a buɗe saboda kulorin. Na burtsatse ma ya kwana, domin yakan fito da ƙarancin oksijin, kuma za ka ga 'yan kumfa na taruwa a bango. Jariri kan haɗiyi irin wannan kumfa ya yi ta yawo a saman ruwa ciki a sama. Idan ka ga haka ka rage masa ruwa har ƙafarsa ko cikinsa ya taɓa ƙasa, galibi yakan fitar da ita cikin kwana ɗaya ko biyu.

Nan da mako biyu zuwa uku za ka ga halinsu ya sauya. Ƙafafun gaba su ke fara fitowa, masu yatsu huɗu, na baya masu yatsu biyar su biyo daga baya. A talibambam na baya ake fara gani, wannan kaɗai darasi ne guda idan ka ajiye su kusa da juna. Da samun ƙafa sai jira ya koma sanɗa. Zai ɗaga ƙafa ɗaya a hankali, ya ajiye, ya tsaya, kamar kyanwa ta hango ɓera. Ba ya son haske mai ƙarfi, ya fi kuzari da magariba, don haka ka sa masa ciyawar ruwa ko fasasshen kasko da aka wanke. Launinsa ma yakan bi wurin zamansa: na cikin farar roba su yi haske, na cikin baƙa su yi duhu. Yara za su iya gwada wannan ba tare da an cutar da kowa ba.

A wannan matakin ne kuma za su fara cizon juna. Ba mugunta ba ce. Duk abin da ya motsa a gaban bakinsa abinci ne a wurinsa, ko ƙafar ɗan'uwansa ce ko gezarsa. Girmansu ba ya tafiya daidai, kuma wanda ya ninka wani zai haɗiye shi ɗungurungum, ka tarar da jela na leƙowa daga bakinsa. Maganin abu uku ne: a ware su bisa girma kowane mako, a rage cunkoso, a ƙosar da su. Da ƙafafun baya sun fito kada su wuce biyar ko shida a roba mai faɗin tire. Lokacin ne za ka fara ba su yankakkiyar tana ƙanana-ƙanana, kuma a hankali hanci zai shiga aikin, su fara karɓar abin da ba ya motsi.

Wanda aka cire wa ƙafa kada ka yar da shi. Ka ware shi a ruwa mai tsabta. Cikin 'yan kwanaki wani ɗan tsiro zai fito a wurin, cikin 'yan makonni ƙafa ta dawo da ƙashinta da yatsunta. Tun 1768 Lazzaro Spallanzani na Italiya ya rubuta bayanin wannan, kuma har gobe masana na bincike a kansa, da irin wannan niyut ɗin naka ma. Da ƙwan niyut ne kuma Hans Spemann na Jamus ya yi gwajin da ya ɗaure ƙwai da silin gashin jaririyar 'yarsa ya samu 'yan biyu, aikin da ya ci gaba da shi tare da ɗalibarsa Hilde Mangold har ya kai shi ga lambar Nobel a 1935. Abin da ke cikin robarka ba ƙaramin abu ba ne a tarihin darasin da kake koyarwa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, wato zafi. Jariran nan sun fi jin daɗi tsakanin digiri 18 zuwa 22. Wannan irin ya fi sauran danginsa juriya, amma idan ruwa ya daɗe sama da 25 sai ka ga sun rage ci, gezarsu ta fara lalacewa, fumfuna ta kama su. Dalili biyu ne ke haɗuwa. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe oksijin kimanin miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai kai 8 ba, alhali zafin ya sa jikin dabbar na neman fiye da da. Sannan amoniyar da ke fita daga kashinsu da ragowar abinci tana ƙara dafi idan ruwa ya ɗumama. Ka yi sa'a sun zo da hunturu. Sai dai rikiɗarsu, wato sauyawa daga jariri zuwa siffar babba, kan zo ne bayan wata uku zuwa huɗu, ka lissafa ka gani, Maris ko Afrilu ke nan, lokacin da Gusau ke kai digiri 40. Mataki mafi rauni a rayuwarsu zai faɗo a tsakiyar bazara.

Tun yanzu za ka shirya. Ka sayi ma'aunin zafi, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da kuma bayan azahar. Ka nemi ɗakin da ya fi sanyi, a ƙasa, nesa da taga da kwanon rufi. Dabarar da na fi amincewa da ita a inda wuta ba ta da tabbas ita ce ta tukunya cikin tukunya, wadda Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jigawa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Babbar randa ko kasko, jiƙaƙƙen yashi, sai robar jarirai a tsakiya, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ta yadda iska za ta shiga. Tana aiki sosai a busasshiyar iskar bazara, tana raguwa da damina. Ka gwada ta da ruwa zalla tun a Fabrairu ka ga inda ma'auni ya tsaya. Idan ba ta sauko ƙasa da 25 ba, sai an haɗa da gorar ƙanƙara a cikin yashin, ba a cikin ruwansu ba, domin faɗuwar zafi farat ɗaya ita ma illa ce. Idan duk wannan ya gagara, gara tun kafin bazara ka miƙa su ga wanda ke da ɗaki mai na'urar sanyaya da sola, ko ka tuntuɓi sashen nazarin halittu na Jami'ar Tarayya ta Gusau.

Rikiɗar kanta za ka gane ta. Za su yawaita hawa sama suna kurɓar iska domin huhu ya fara aiki. Geza ta riƙa gajarcewa, faffaɗar fatar da ke kan baya da jela ta janye, fata ta yi kaushi, wasu su bar cin abinci na 'yan kwanaki. Ka rage ruwa, ka karkata robar ko ka sa dutse mai gangara. Wannan irin yakan ci gaba da zama a ruwa bayan rikiɗa, amma a ranakun sauyin yana bukatar inda zai ɗora kai. Ka sa murfi mai huji, suna hawa bango. Kuma duk wanda ya taɓa su ya wanke hannu kafin da bayan, fatarsu na da ɗan dafi mai yaji a ido.

Sakin su a kogi kuwa, Malam, kada ka yi, ko a kogin da ya ratsa Gusau, ko a Bakolori, ko a kwata. Su kansu zafi zai kashe su, amma abin da suke ɗauke da shi zai iya zama. Akwai cututtukan fumfuna da ke bin cinikin irin waɗannan dabbobi daga ƙasa zuwa ƙasa. Ɗaya daga ciki, wadda aka gano a 2013, ta kusa ƙarar da wani irin salamanda a Holan, har Amurka ta hana shigo da iri 201 a 2016. 'Yar'uwarta kuma kwaɗi take kashewa. Ko ruwan da kake canjawa, ka zuba shi a busasshiyar ƙasa inda rana za ta buge shi. Niyut ɗin nan yakan haura shekara 10 a hannun mai kiwo, don haka ka yanke tun yanzu nawa za ka iya riƙewa, sauran ka mayar wa abokinka.

Abu na ƙarshe, ka duba kalandar makaranta. Ranakun da za su fara cin abinci sun zo daidai da hutun ƙarshen zango, kuma jaririn da bai kai wata ɗaya ba ba ya jure kwana uku babu ci babu canjin ruwa. Ka tafi da su gida, ka haɗa gorar atemiya ta farko a daren yau, ta biyu kuma gobe, don kada a samu ranar da babu.